Kofin Lemun da Baba Ya Shanye

Wanda ya ba mu aron Baba ya karɓi abinsa ranar wata Talata, ana shirin sallar la'asar. Kafin maza su dawo daga maƙabarta, ƙofar gidanmu ta Sabon Gari ta cika maƙil, har masu kabu-kabu suka koma bin layin baya. Ƴan kasuwar hatsi sun zo da ƙaiƙayi a rigunansu. Masu lambu sun zo daga Jiratawa, inda nake aure. Gwaggo, yayar Baba, ta zo daga Tibiri da matan majami'arsu, suka lulluɓe kawunansu suka zauna kusa da Inna, ba ta koma gida ba sai bayan addu'ar uku.

Ni ce ƴar fari. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakin Inna, duk wadda za ta shiga sai ta bi ta gabana. Za ta ce mini, "Ya haƙuri?" in ce, "Da godiya." Kafin in rufe baki ta waiga tana tambaya, "Ina yaron nan? Ina mai hantar?"

Yaron nan shi ne autanmu, mai gemu da ƴaƴa uku. Shekara tara ke nan da aka yanki wani yanki na hantarsa aka dasa wa Baba, tun daga ranar kuwa babu mai kiransa da wani suna. Wani tsohon abokin Baba, da suka yi shekara arba'in rumfa na kallon rumfa, ya shigo gaida Inna. Da ya ga Auta sai ya dafa masa ciki, ya ce, "Ɗana, yau da kai anka rufe." Ya fashe da kuka, gida duk ya ɗauka. Ni ma na yi kukan, amma ba zan yi wa kowa ƙarya ba, rabinsa na kishi ne. An sa Baba a kabari da naman Auta a cikinsa, ni kuwa ko zarena babu a likkafanin.

Abin da nake son sani tun ina yarinya, na kuma zauna makoki ban san shi ba, shi ne ko ina da wani wuri a zuciyar mutumin nan. Na ɗauki alƙalami ne don na ga garin nan na neman mayar da Baba labarin hanta kawai. Ya fi haka yawa. Kuma akwai abin da ni kaɗai ya wajaba in faɗa.

Baba ɗan kasuwar wake da gero ne. Bai yi karatun boko ba, ba ya kuma yarda da bakin mai kaya. In mutum ya sauke buhu ya shiga yabon wakensa, Baba zai bar shi ya gama tas, sannan ya ce, "To, bari in tambayi haƙorina." Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza. In ta ce ƙas, a yi ciniki. In ta lotsa, sai ya tambayi mutumin lafiyar iyali, wanda ya san shi ya san an gama magana ke nan. Har haƙorin gabansa ya ɓantare a kan wannan aiki, ya ƙi a gyara masa, wai abokin sana'a ne.

Yana da rediyo ƙarama da ba ta rabuwa da kafaɗarsa, yana kuma gardama da mai karanta labarai kamar suna zaune tabarma ɗaya. In tsohuwa ta zo awo, yakan kau da kai yana wa wani magana, hannunsa na ta tula tiya har ta zube, don kada ta yi masa godiya. Godiya na ba shi kunya fiye da zagi.

Duk Kirsimeti da kansa yake kai wa Gwaggo shinkafa da kaji Tibiri. Ita ce ta yi lakwal, wato makarantar boko ta mishan, tun suna yara, ta zama Kirista, ta kuma yi aikin jinya har ta yi ritaya. Wata shekara wani maƙwabcinmu ya tare shi a zaure, ya ce abin nan bai dace da Alhaji kamarsa ba. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Nono guda munka sha da ita. Kai da wa ka sha naka?" Ya ɗaura kajinsa a bayan babur ya wuce. Sai da suka shekara ba sa gaisawa, kuma da mutumin ya kwanta ciwo, Baba ne ya fara kai masa buhun gero.

Wannan mutumin mai faɗin hannu, ni bai taɓa kiran sunana ba. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta Baba ta wuce ta mutane. Da aka yaye ni aka kai ni gidan kakata a Tibiri, na tashi a hannunta da na Gwaggo. In ya zo gaida mahaifiyarsa ya gan ni a tsakar gida, sai ya kama duban katanga kamar yau aka gina ta. Sunana a bakinsa "waccan ta Tibiri". Da na yi aure na samu ƙarin girma, na zama "ta Jiratawa". Ina durƙushe a gabansa, taku biyu tsakaninmu, zai ce wa Inna, "Ku ce ma ta Jiratawa ta gaida mai gidanta." In mai irin sunana ta zo awo a kasuwa, ko shekararta goma ce, Hajiya yake ce mata. Mutane na dariya suna cewa Alhaji akwai kara. Ni ma nakan yi dariyar, in koma gida in rasa abin da ke mini daɗi.

Auta kuwa a wuya ya girma. Shi ake saya wa alawa, shi ke jan gemun Baba a gaban baƙi. Na ce wa kaina al'ada ce, kowane gida haka ne. Na faɗa wa kaina haka shekara talatin, bai taɓa shiga ba.

Sannan idon Baba ya yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura. Daga asibitin Maraɗi aka tura shi Yamai, a can aka ce hantar ta gama aiki, sai dai dashe, kuma sai an fita Indiya. Aka ɗebi jinin ƴaƴansa mu biyar. Biyu suka dace, nawa da na Auta. Da aka faɗa mini sai da na ji kamar in yi guɗa a cikin asibiti. Ma'aikaciyar da ta kawo sakamakon ta dube ni, ta dubi cikina, ta yi dariya ta ce, "Madam, ke da wanga ciki?" Wata bakwai gare ni a lokacin. Allah ya yafe mini, ranar na ji haushin abin da ke cikina. Na haifi ɗiyata suna can, Auta na kwance a gadon da ke gefen na Baba da ɗinki a ciki.

Suka dawo bayan wata huɗu, Baba ya yi fes kamar an sake shi. Ya dawo da wasu ƙananan ƙwayoyi da aka ce zai sha har ƙarshen ransa, ƙarfe takwas na safe da takwas na yamma, ba a wuce minti. Auta ya saita masa salula tana kuka a kan lokaci. Ko yana tsakiyar ciniki ne, da ta yi ƙara zai ɗaga hannu, ya ciro kwalbarsa. Yakan yi wa masu kallo bayani: "Jikina bai san yaron nan ɗana ne ba. Baƙo ya ɗauke shi. In ban sha wanga ba, sai shi tashi shi kore shi kamar ɓarawo." Tun daga nan hantar ta samu suna. In an tambaye shi jiki, sai ya shafa gefen cikinsa ya ce, "Ni da baƙona lafiya lau."

Abin da ya biyo baya shi ya ƙarasa ni. Auta ya koma cin abinci kwano ɗaya da Baba. Baba zai tsince naman ya tura gabansa, ya ce, "Ci, kai anka yanka." In Auta ya yi tari, sai a kashe rediyo a saurara. An hana shi hawan babur, an hana shi ɗaga buhu. Ni in zo tun daga Jiratawa da goyo, in durƙusa in gaida shi, ya amsa wa katanga.

Sai na shiga neman abin da ni ma zan sa a jikinsa. A lambun maigidana, can ƙarshe kusa da bakin kwatar ruwa, akwai wani iccen lemo da ya samo irinsa wajen wani mai lambu daga arewa. Babban lemo ne mai ɗaci-ɗaci, ƴan lakwal na ce masa famfalamus. Babu mai irinsa a layinmu. Kowa na cewa yana wanke jini, yana ƙara lafiya, ni kuma na ce to, ga abin da Auta ba shi da shi. Duk Juma'ar da iccen ke da ƴaƴa, zan tsinko masu kyau tun da safe, in matse, in tace da farin ƙyalle, in zuba a kwalba, in hau kabu-kabu. Baba zai sa a karɓa, ya ce, "Ku ce ma ta Jiratawa an gode. A aje mini, sai an jima." Wannan "an gode" ɗin nake ɗauka in koma da ita gida, ta ishe ni mako guda.

Shekara biyu ana haka. Wata Juma'a na fito daga gidan Baba har na kai bakin titi, na tuna na bar jakata, na koma. Ina ɗaga labulen zaure na ga Auta zaune a tabarmar Baba, kofin silbar Baba a bakinsa, yana kwankwaɗar lemuna. Baba na gefe yana kallonsa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, na tsaya a tsaye a kansa.

"Baba, in ba ka so, ka hwaɗa mini da bakinka! Nama nashi, tabarma tashi, suna nashi. Ɗan ruwan lemun da ni ka tasowa tun da asuba in matse, shi ma nashi ne? Ni ba kai ka haife ni ba?"

Auta ya sauke kofin ya ce, "Yaya, tsaya ki ji, wanga lemu..."

Baba ya ɗaga masa hannu. "Yi shiru."

"Amma Baba..."

"Na ce ka yi shiru."

Baba ya karɓi kofin, ya cika shi daga kwalbar har baki, ya kafa kai bai sauke ba sai da ya ga ƙasansa. Ya goge baki da bayan hannu. Bai dube ni ba, amma a karon farko ba ta bakin kowa ya aiko da magana ba. Ya ce, "Akwai daɗi."

Na fita, kuma in faɗi gaskiya, ina jin daɗin nasara. Daga ranar na kafa doka. Duk Juma'a ni ke zuba masa da hannuna, in tsaya har ya shanye. Auta yakan tashi ya bar zauren, fuskarsa a murtuke. Na ce a raina, ashe kai ma ka san zafinsa. Kaka uku na iccen nan muka yi a haka.

A cikin shekarun nan ne hannun Baba ya soma karkarwa, har shayi na zuba masa a riga. Ƙafafunsa suka riƙa kumbura, takalmin Juma'a ya daina shiga. Jininsa ya hau. Awon jinin da ake masa ya nuna ƙodarsa na ja da baya. Lokotoron da ke duba shi ya tara mu ya yi mana bayani, ni ina daga bayan ƙofa. Ya ce maganin da ke tsare hantar shi ne ke matse ƙananan hanyoyin jini na ƙoda, a hankali, shekara bayan shekara, har ƙodar ta ƙeƙashe. Ya ce abu ne sananne ga waɗanda aka yi wa dashe, ko na hanta ko na zuciya, shi ya sa ba a wasa da awo. In an rage maganin da yawa, jiki na iya juya wa hantar baya. In an bar shi yadda yake, ƙoda ta ci gaba da lalacewa.

Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ƙodar tawa ce, hantar ta yaro ce. Kar ku rage ma baƙona komi." Da ƙyar aka lallashe shi aka rage, aka haɗa masa da wani iri. Abin ya lafa kamar shekara guda, sannan ya dawo. Aka ce sai wankin ƙoda, sau biyu a mako. Aka ƙayyade masa ruwan sha a ƴar kwalba, aka hana shi yawancin ƴaƴan itace, lemuna ya tsaya tare da sauran. Mutumin da ke shanye moɗa a tsaye ya koma tsotsar ƙanƙara.

Nan ma zan faɗi abin kunya. Da na ji an ce ana dashen ƙoda, kuma mai biyu na iya ba da ɗaya ya rayu, wani sanyi ya ratsa ni. Ubana na kwance, ni kuwa abin da ya fara zuwa mini shi ne, layi ya zo kaina. Auta an riga an yanka shi, ba za a sake ba. Ba ni da ciki wannan karon. Na roƙi maigidana ya yarda, na je aka yi mini gwajin farko a ɓoye, aka ce babu abin da ya hana a ci gaba. Na ɗauko Gwaggo daga Tibiri don ta yi mini baki, tunda ita kaɗai ke iya tanƙwara shi.

Da hantsi ne, yana kishingiɗe a rumfar tsakar gida. Gwaggo ta gama bayani, ni ina durƙushe a gefe. Ya daɗe yana duban ƙafafunsa da suka yi suntum. Sannan ya ce mata, "Yaya, ki ce ma ɗiyarki a'a."

"Don mi? An ce ta dace."

"Tun randa anka hiddo yaron nan daga ɗakin yanka, na ga abin da sunka yi ma cikinshi, ban ƙara samun kwanciyar rai ba. In ya yi tari, sai in ce ni ne. In ya rame, in ce ni ne. Na ci naman ɗa guda, ya isa. Wagga kuwa..." Ya dubi katanga. "Wagga ko da wasa."

Gwaggo ta share hawaye. Ni ban ji komai a maganar ba sai abu ɗaya: ya karɓa daga Auta, ya ƙi karɓa daga gare ni. Na tashi ban yi sallama ba. Juma'a biyu ban taka gidan ba, ta uku na je don Inna ta aiko. Wata goma sha ɗaya ya yi ana wankin, Auta na ɗaukarsa a mota yana dawo da shi, ni ina kishin har da wannan wahalar. Ranar Talatar nan ya dawo a gajiye, ya ce a kunna masa rediyo, ya kwanta. Inna ta zo ta tashe shi alwala ta tarar an riga ta.

Bayan sadakar bakwai na koma Jiratawa na tarar iccen ya yi ƴaƴa har rassansa na taɓa ƙasa. Ba ni da wanda zan matsa wa. Na cika kwando na kai wa Gwaggo Tibiri. Tana ganin abin da ke ciki ta riƙe haɓa, ta yi wata ƴar dariya mai haɗe da hawaye.

"Allah sarki, ƙanena. Kin san shekara nawa yana karɓar wanga abu, alhali ko ɗanɗanawa an hana shi?"

Na ce, "An hana shi?"

"Tun Indiya. Yana cikin takardar da sunka ba shi, ni na karanta mishi. Wanga lemu ba ya shiri da maganinshi. Yana hana jiki fidda maganin, sai shi taru cikin jini ya wuce ƙima, ƙoda ce kuma ke shan wuya. Na ce mishi bari in hwaɗa miki, ya rantse in na yi ba ya ƙara taka Tibiri. Wai abu guda ne ke kawo ki duk Juma'a da fara'a. Sai shi karɓa, in kin tahi shi ba Auta shi shanye. Kin ga dabarar tsoho?"

Tana ba ni labarin ne don in ji daɗi. Ba ta san ranar jakata ba. Ba ta san kaka uku da na yi ina tsaye a kansa ba. Na ce mata rana ta yi, zan koma. Ban san yadda na kai bakin hanya ba.

Washegari da safe na sami Auta a rumfar Baba, yana zaune a kan buhu bai buɗe awo ba. Ban gaishe shi ba.

"Ka sani, ka bar ni?"

Bai tambaye ni me nake nufi ba. Ya ce, "Sau nawa na ɗauki salula in kira ki, Yaya. Ya ce in na buɗe baki bai yafe mini ba. Na hwaɗa ma lokotoro, lokotoro ya yi mishi faɗa, ya ce ya daina. Juma'a na zuwa ya miƙa miki kofi."

"Da ka ƙi jin maganarshi!"

"Da na ƙi." Ya dube ni, idonsa ja. Ban taɓa ganin fuskar nan a wajen Auta ba, amma na san ta, don tawa ce. "Kin san abin da ni ka ji in kina zuba mishi? Ni anka tsaga. Wata biyu ban miƙe tsaye ba. Maganin da sai da ƙyar ya yarda anka rage mishi sabili da hantata, shi ne ya yarda shi yi wasa da shi, don kar ranki shi ɓaci. Ni tsoro yake ji a kaina, Yaya. Tausayi ne, kamar na wanda ka kaɗe da mota. Ke kuwa tun hantsin Juma'a yake sa a gyara tabarma ta kalli ƙofa. In babur ya tsaya, sai shi rage rediyo. Juma'a biyun da ba ki zo ba, bai ci abincin rana ba. Ni ina zaune gabanshi da ɗinkina, yana sauraren ƙarar babur ɗinki."

Muka zauna a kan buhunan wake, ni da ƙanena, kowa na kukansa. Wani ya zo awo ya gan mu ya juya.

Na je wajen lokotoron daga baya, na tambaye shi kai tsaye ko ni na kashe ubana. Ya ce maganin shi kaɗai yana kai mutane da dama inda ya kai Baba, ko ba su taɓa ganin lemun nan ba, ga kuma hawan jini da shekaru. Ya ce lemun na iya ƙara nauyi a kan ƙoda, wannan gaskiya ne, amma babu awon da zai raba ya ce ga rabon magani, ga rabon kofi. Na so ya ce mini e ko a'a. Bai ce ba, kuma na gode masa da bai yi mini ƙarya ba. Abin da nake roƙon mai karanta wannan shi ne, in akwai mai shan irin maganin nan a gidanku, kafin ka kai masa wani abu don ƙauna, ko lemo ne ko sassaƙe ko ƙwayar ciwon jiki ta masu talla, ka tambaya tukuna. Kada ka jira shi ya faɗa maka, wataƙila irin Baba ne.

Maigidana ya tambaye ni ko a sare iccen. Na ce a bar shi tukuna, ban san abin da nake so ba. Kofin silbar yana wajena, Auta ne ya kawo mini da kansa har Jiratawa. Da ya tashi tafiya na tsince naman miya na tura gabansa, ya dube ni, muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ranar makoki na zauna ina ƙorafi a zuci wai an rufe Baba da naman Auta, ni babu komai nawa da ya bi shi. Ashe akwai. Ni na matse shi da hannuna, na tace, na tsaya a kansa, shi kuma ya shanye har ƙasan kofi ya ce akwai daɗi. Amsar da na yi shekara arba'in ina nema ke nan, kuma da zan iya mayar da ita in karɓo shi ko na Juma'a ɗaya, ya zauna yana duban katanga, da na mayar.

Allah ka yafe wa bawanka da bai iya cewa a'a ga ƴarsa ba sai a kan ƙodarta. Ka shayar da shi ruwan da babu mai ƙayyade masa. Ni kuma, ta Jiratawa, ka yafe mini.